Ashirin da Uku

Ruwa ya kwana uku bai ɗauke ba a Dalcahue,
Jimena na gaban madubin banɗaki tana ƙirga.
"Ashirin da uku, Mama."

Na ɗago haɓarta wajen hasken taga.
Ba ƙuraje ba ne masu baki, ba ruwa, ba mugunya,
'yan tuddai ne shafaffu, kamar an watsa riɗi
a goshi da bayan hannu,
launinsu launin fatarta, sai ka karkata kake ganinsu.
Bakwai sun ja sahu ɗaya
daidai inda kyanwa ta yakushe ta.

Kakarta Eduvigis ba ta ce uffan ba.
Ta tsinko zaren ulu daga abin saƙarta,
ƙulli ɗaya, taɓawa ɗaya, har ashirin da uku,
ta tsaga dankali, ta goga, ta ɗaure,
suka binne bayan garken tumaki da wata ya rage.
"Tafi, kar ki waiwaya."
Ta waiwaya. Ni na gan ta.

Likita Oyarzún a Castro ta duba da gilashi.
"Tusar jaki ce, shafaffiyar, mai son fatar yara.
Ba ta kisa, ba ta ciwo.
Kar ta sosa, tawul ɗinta daban.
Jiki zai gane baƙonsa ya sallame shi,
sai dai jiki ba ya sauri.
Wata shida, shekara, wani lokacin biyu."

Shekara biyu!
Wa zai gaya wa 'yar sha ɗaya haka,
alhali ɗaukar hoton aji ranar Talata ne,
kuma Aurelio ɗan bencin baya
ya riga ya raɗa mata suna Kwaɗo?

Daren Litinin ta ɗauki almakashin kifina
ta sauko da gashi har gira, a karkace.
Ban yi faɗa ba. Na karɓa na daidaita mata.

Hunturu ya wuce ina feɗe kifi a masana'anta,
yatsuna sun ƙage da sanyi,
ina ƙirga abin da ba a goshina yake ba.
Talatin da ɗaya. Talatin.
Man likita ya ƙare, muka sayo wani.

Wata safiya suka yi jajur, suka kumbura,
ƙaiƙayi har da kuka.
Na ce shi ke nan, abin ya ɓaci.
Ashe sallama suke yi.
Kwana tara, goshi ya koma sumul
kamar dutsen bakin teku.

Kaka ta ce zare ne ya ruɓe.
Likita ta ce jiki ne ya farka.
Na dafa wa ɗaya shayi, na kai wa ɗaya cuku,
ban raba gardamar ba.

Jimena ba ta mai da gashin baya ba har yau.
In tana aikin lissafi a teburin kicin,
sai in ga yatsanta ya shige ƙarƙashinsa
yana tafiya a hankali,
yana neman sahun nan na bakwai.