Kututturen Zaitun

Shekarar da gobara ta hauro tudun Sifakiya
ta lashe gonar zaitun ɗinmu,
kakana Manusos ya daina magana.
Kunnensa na ji, idonsa na gani,
harshen ne kawai ya kwanta cikin toka.

Likita a Haniya ya saurari ƙirji, ya leƙa ido,
ya ce jiki garau.
Ya ba mu fararen ƙwayoyi cikin 'yar kwalba.
Kaka ya jefa ta aljihun kwat,
tana ta kacau-kacau duk inda ya taka.

Kullum da asuba sai ya ɗau sanda
ya gangara wurin babbar itaciyar nan
da uwarsa ta haife shi a gindinta,
ranar kaɗe 'ya'ya, bisa buhu.
Yanzu baƙin kututture ne, cikinsa kogo,
mutum biyu sa zauna ciki su sha inuwa.
Yakan kafa goshi a jikinsa, ya daɗe,
ya dawo da tabon gawayi tsakanin gira.
Nakan goge masa da bakin gyale. Ban taɓa tambaya ba.

Maƙwabci ya zo da gatari, wai a samu na jin ɗumi.
Kaka ya shiga kogon ya zauna,
ya ɗora sandarsa bisa gwiwa.
Gatari ya koma gida bai ci komai ba.

A nan ruwan sama da sanyi yake zuwa, daga teku.
Ya zo, ya wanke duwatsu,
ya bi ta tsagar bawo ya nutse
inda wuta ba ta san hanya ba.
Na ce a raina, su biyun nan
tare suke riƙe numfashi.

Wata takwas.
Rannan ina shanya a bayan gida
na ji wata murya mai tsatsa ta hauro kwari:
"Argiro! Argiro, zo da gudu!"
Kwando ya suɓuce mini.

Na same shi durƙushe, yana nuni da ɗan yatsa.
Tofo ne, bai kai tsawon allura ba,
ganye huɗu, bayansu kamar azurfa,
daga cikin baƙin nan ƙirin.

Na zaci addu'a zai yi.
Sai ya ce, "Awakin Sifis za su cinye shi.
Ɗebo duwatsu."

Har rana ta faɗa teku muna jera katanga,
shi kuwa bakinsa bai huta ba,
yana zagin awaki ɗaya bayan ɗaya,
har da kakanninsu.