Mai Duba Sikeli

Shekara talatin da ɗaya
ina shiga kasuwar Aligre da akwatin duwatsun awo:
kilo, rabin kilo, har ɗan giram mai kamar ƙwayar wake.
In na sako kai ta lungun mahauta
sai hira ta mutu,
manyan yatsu su zame daga kan sikeli.
Ban taɓa ɗanɗana komai ba.
Ko zaitun guda aka miƙo, hannuna na cikin aljihu.

Yau Laraba, wata biyu da ajiye aiki,
na zo da kwando.

Odile mai cuku ta leƙo ni ta saman tabarau.
Ta yanko wani mai shuɗin jijiya,
warinsa ya riga shi isowa,
ta ɗora a bakin wuƙa: "Buɗe baki, Anselme."
Gishiri, sanyin kogo, ciyawa bayan ruwa.
Ashe abin da nake aunawa ke nan
tun ina da gashi a ka.

A shagon Boualem buhuna sun naɗe wuya,
kanumfari, kirfa, busasshen ɓaure an shirya a zare.
Ya fasa ɓauren da farce, ya ba ni rabi,
rabin ya jefa a bakinsa,
muka tsaya muna tauna, babu mai cewa uffan.
Sau huɗu na buga wa sikelinsa hatimi,
ban san yana da wushirya ba sai yau.

Kifin Maïwenn na kwance kan ƙanƙara, ido buɗe.
Ta ce in shinshina. Na sunkuya.
Teku ne, da ɗan sauran dare.

Agogon kasuwa ya buga sha biyu da rabi,
masu kayan lambu suka fara karya farashi da ihu.
Ƙafata ta kai ni ƙofar da na daɗe ina kauce wa:
gidan abincin Fulbert,
tebur tara, labule ja, tagar ta yi gumi,
abincin yau an rubuta da alli, rubutun kamar tafiyar kaza.

Wannan mutum na ci tara
lokacin yana da rumfar kaji a bakin rufaffiyar kasuwa.
Giram arba'in ke ɓacewa a kowane kilo.
Kafin shekara ta zagayo, rumfar ta zama ta wani.

Ya fito yana goge hannu.
Ya yi ƙiba. Ni na rame.
Bai kawo takardar zaɓi ba,
cinyar agwagwa ya dire, fatar na ƙara,
farin wake ya sha tafarnuwa,
da gutsuren burodi don sharce romo.
Ya ja kujera ya juya ta, ya zauna a kai kamar kan jaki.
"Tararka ce ta kore ni daga rumfa," in ji shi,
"ta tura ni kicin. Ci, kafin ya huce."

Na ci har na ji kunya.
Tsohuwar da ke teburin kusa ta miƙo mini mastad
ba tare da ta ɗaga kai daga jarida ba.
Sai wainar tuffa, sai gahawa baƙa wuluk a ɗan kofi.

Da lissafi ya zo, hali zanen dutse,
na bi shi layi-layi da bakin cokali.
Babu gahawa. Babu waina.
Na ɗaga hannu: "Fulbert, akwai kuskure."
Daga bayan kanta, bai ko waiwayo ba:
"Na sani. Sikelin nawa har yau bai gyaru ba."

A waje masu shara na kora ganyen kabeji da tiyo,
tattabaru na bin sawun ruwan.
Na ɗaga kwandona. Hannun nan ba ya ƙarya.
Rasit ya ce kilo uku.
Hannu ya ce uku da giram ɗari biyu.
Na laluba aljihu neman biro,
sai na taɓo ɓaure.