Tafi a Kan Ganga

Na ajiye aikin banki a Taminus.
Inna ta ce, "To, waƙa za ki ci?"
Na kama ɗaki a Unguwar Rukuba,
benci uku, gangar aro,
kwanon rufi yana yoyo.

Yarana bakwai. Huɗu na ji,
uku da ido suke saurare.
Kangyang ta ɗora tafinta kan fata,
na buga.
Ta zabura, ta dube ni,
yatsunta suka ce: ƙara.

Kuɗin wata bai kai na gawayi ba,
sanyin Jos kuwa bai san uzuri ba.

Jiya Inna ta leƙo,
ta daɗe tsaye a bakin ƙofa.
Da za ta tafi,
sai ta ɗaga yatsu masu in'ina
ta tambayi Kangyang sunanta.