Baƙaƙen da Suka Kumbura

Ƙarfe biyu suka ɗauke wuta,
ina tsakar layi na goma sha ɗaya
a takardar fanshon Malam Junaidu.
Fanka ta yi juyi uku ta tsaya.
Ranar Mabera ta sauko ta zauna bisa kwano,
mu ma muka zauna, ni da tsoho da ƙudaje,
muna karɓa-karɓa da mafici ɗaya.

Sai bayan la'asar yaran layi suka yi kuwwa.
Na danna. Inji ya yi tari, ya farka,
amma ba da fuskar da na sani ba.
Baƙaƙe sun kumbura kamar wake a jiƙo,
agogon kusurwa ya faɗa bayan bango,
rabin shafi ya tsere, ban san ina ba.
Hoton ɗiyata Luba da na shimfiɗa a baya
ya baje, kumatu har kunne,
sai ka ce waina aka danne.

Na kashe, na kunna. Yana nan.
Na kashe, na ƙirga ashirin, na kunna. Yana nan.
Na durƙusa bayan tebur, gwiwa a siminti,
na kwance shuɗiyar waya mai kusoshi biyu,
na hura mata iska kamar mai tofi,
na duba haƙoranta, ba wanda ya karye,
na mayar, na ɗaure tamau.
Yana nan.

Na leƙa wurin zaɓen ma'auni.
Jiya lambobi sun fi goma a jere,
yau biyu rak suka rage:
ɗari takwas da ɗari shida,
sai ƙanenta da ya fi ta muni.

Na kira Sahabi mai gyara.
"Ba ƙonewa ta yi ba," in ji shi,
babur na kuka bayan muryarsa,
"mantuwa ce. Wutar ta mare ta,
ta mance da wa take magana.
Cire direban allo, ka sa mata sabo.
In ta ƙiya, gobe, da kuɗin mai."
Kati ya ƙare.

Ina laluben filas cikin aljihun tebur,
tsakanin tsoffin rasidai da ɓawon goro,
sai na ji murya bayana,
a hankali, gaɓa-gaɓa, kamar ɗan aji ɗaya:
"Ju-nai-du. Mo-di. Shu-ni."

Tsoho ya taso, sanda a hammata,
hanci ya kusa taɓa gilashi.
"Yaro, dakata.
Shekara bakwai ke nan da yana ta hau min ido,
sai dai a karanta min, in ce na'am, in sa hannu.
Ni da na yi talatin da alli a yatsa!
Wanga abu da kake kira ɓaci,
shi nika gani."

Na janye hannuna.
Na ba shi kujerata, ina tura shafin sama,
kalma huɗu-huɗu, abin da allon ke ɗauka.
Layi na tara ya ɗora yatsa:
"Nan ka sa saba'in da tara.
Saba'in da bakwai na kama aiki."
Shekara biyu na guminsa
da na haɗiye da tsakar rana ban sani ba.
Na gyara, kunya na cin bayan wuyana.
Bai ce komai ba. Ya ci gaba har ƙasa.

Bayan magariba na bi maganar Sahabi.
Allo ya yi duhu, ya ƙifta sau biyu,
baƙaƙe suka koma tururuwa,
agogo ya dawo kusurwarsa,
Luba ta rame ta zama Luba.

Amma na ɗauki biro, na rubuta a bango,
ƙasa da lambar mai ruwan leda:
ɗari takwas da ɗari shida, ma'aunin Malam.
Ina rufe murfin biron
suka sake ɗaukewa.