Taguwar Sabi'u

Ni Basarke ne daga Yawuri,
ruwa ba baƙona ba ne.
Na san Kwara tana ramammiya da bazara,
na san ta in ta cika ta batse ta cinye shinkafar mutane.
Amma wannan na Ikko, mai gishiri, marar ƙetare,
shekara goma sha bakwai ina ɗibar fasinja a bakinsa
daga Marina zuwa Takwa Be,
ban taɓa cewa mun saba ba.

Sai ga Sabi'u, ɗana na uku,
ya shigo da allo wanda ya fi shi tsawo,
hancin allon a karye, an ɗaure da gam da tsumma.
Wai Sewanu ya ba shi, yaron nan mai ɗinkin taru.
Na ce, me ake kamawa da shi?
Ya ce, ba komai.
Na ce, ina yake kai mutum?
Ya ce, gaɓa.
To ba daga gaɓa ka tashi ba?
Ya yi dariya, uwarsa ta taya shi.

A gidanmu ba a shiga ruwa don wasa.
Wana Barmo ya shiga neman giwan ruwa,
kwana uku muka yi kafin mu same shi a cikin burgu.
Saboda haka na ɓoye allon a bayan jarkokin fetur.
Ya gano. Na sake ɓoyewa.
Ya daina cin abinci da ni.

Ranar da aka zo aka rushe ɗakunanmu,
kowa ya ɗauki abin da ransa ya fara tunawa.
Lantana ta ɗauki tukunya,
ni na saɓa injin,
shi ya fito da allon nan a ka, ko takalmi babu.
Na buɗe baki zan yi faɗa, ƙura ta cika shi.
Daren nan rairayi ya jiƙe da raɓa,
a kan allon muka shimfiɗa ƙanwarsa,
ta yi barci har da munshari.

Bayan wata biyu, wata Talata, fasinja ya yi ƙaranci.
Na ɗaure jirgi, na hau duwatsun da ke tare ruwa.
Can na hango su, su bakwai,
suna zaune a kan teku kamar masu jiran liman,
bayansu manyan jirage sun yi layi, su ma jira suke.
Sai ruwan ya yi tozo.
Mu taguwa muke ce mata, ban taɓa tambayar dalili ba
sai da na ga ta miƙe da dogon wuya, tana kumfar baki,
Sabi'u ya kwanta, ya yi iyo da hannu, ya yi wuf,
ya tsaya.

Ban ƙirga ba. Sewanu ya ce daƙiƙa tara.
Ni dai na san ban ja numfashi ba,
na san kuma bakina ya ce Barmo,
ba da kuka ba.

Ta kayar da shi, ta tumurmusa shi, ta tofar.
Ya taso yana tari, gwiwa na jini,
ya juya hancin allon, ya koma.
Garin nan ya kayar da ni sau nawa?
Ban taɓa komawa da irin fuskar nan ba.

Yanzu yana koya wa 'ya'yan masu kuɗi ran Asabar,
yana kawo wa uwarsa na cefane, ba kullum ba.
Har yau ba na son abin.
Amma in na idar da Asuba
nakan saurari ƙarar ruwan daga kan buzu,
in na ji ta yi nauyi, ta yi tsawo,
sai in taɓa ƙafarsa:
tashi, raƙumanka sun iso.