Hanyar Tankar Madara

Mita ɗari uku da goma
daga titin Mońki zuwa ƙofar garkenmu.
Na auna da taku, na auna da igiya,
tankar madara ta auna da tan ashirin da shida
ta ce ba ta yarda ba.

Watan Maris ne, ƙanƙara ta saki ƙasa,
ƙasa ta koma kunu.
Ludwik direba ya nutse har cibiyar taya.
Taraktar maƙwabci ta ja, sarƙa ta tsinke,
ya sauko, laka har gwiwa.
Ya ce, “Bożena, kamfani ba ya sayen uzuri.
Ko ki gyara, ko ki shanye madararki ke kaɗai.”

Ɗan kwangila na farko ya zo da takalmi mai sheƙi,
ya ce kwalta: baƙa, sumul, ba ƙura.
Na ce, in Yuli ya ɗau zafi fa,
tirela ta murɗa taya tana tsaye?
Ya dubi sama kamar can aka ajiye amsar.

Na biyu ya ce kankare da rodi
tun daga titi har turke,
ya rubuta kuɗin a bayan kwalin sigari.
Na karanta sau biyu.
Na ƙirga shanuna sau uku.

Ƙanena Witold ya bugo daga Gdańsk:
zuba tsakuwa kawai, ta fi araha.
Shi da ya manta nauyin shebur.
Shekara talatin babanmu yana zuba tsakuwa,
ƙasa tana haɗiyewa,
ba ta taɓa cewa ta ƙoshi ba.

Sai na ɗauki diga na haƙa a kwanar.
Ga tsakuwar Baba.
Ƙarƙashinta tokar gawayi daga tashar jirgin ƙasa,
ƙarƙashinta fasassun jan bulo na gidan da yaƙi ya ci,
da takalmin doki, da hannun wani kofi.
Kowa ya bar wa hanyar nan abin da ya iya.
Can ƙasa kuma yumɓu, shuɗi-shuɗi, mai sanyi,
ruwa na tsattsafowa daga cikinsa
a hankali, kamar mai gidan da bai san da baƙi ba.

Na zauna a bakin ramin har hannuna ya sandare.
Ashe ba tanka ce ke cin hanyar ba.
Tanka tana taka abin da ruwa ya riga ya tauna.

Ranar da aka yi ruwan sama na fita ba lema,
na bi shi a baya kamar mai bin sawun ɓarawo,
ina kafa tsinke duk inda ya tsaya hutawa.
Tsinke goma sha bakwai.

Ga abin da na yi, ba don ya fi kyau ba:
lambatu hagu da dama, kwalbati a kwarin,
shimfiɗar zare a kan yumɓun don kada ya sake haɗiya,
manyan duwatsu a ƙasa, fasasshen dutse a sama,
mai kaifi, mai cizon ɗan'uwansa,
tsakiya ta ɗan yi doro don ruwa ya san ba a son sa.
Rola ta daɓe har kofuna suka yi rawa a kicin.
Kankare kuwa sai a kwanar da filin juyawa,
inda taya ke niƙa.
Karsana huɗu suka tafi a kan haka.
Ɗaya ni na karɓi haihuwarta, cikin dare.

Maris ya dawo da halinsa.
Ƙarfe biyar saura kwata, fitilu a cikin hazo.
Ina tsaye bayan taga, ban numfasa ba.
Tanka ta shigo, ta juya, ta tsaya.
Ludwik ya sauko da kofin shayinsa cike,
ya ce ina kwana, ya jona tiyo,
ya yi ƙorafin farashin dizal.
Bai ce komai a kan hanyar ba.