Rijiya a Shafi na Arba'in

Ƙarfe takwas nake buɗe tagogi,
in karkaɗe kashin tsaka daga kan rajista.
Shekara goma sha tara ina yaƙi da gara a gidan nan,
ita da baki, ni da allura da ƙaro.
Sau da yawa ita ke ci.

Gidan littattafan ƙasa, haka allon ƙofa ya ce,
amma ƙasar ba ta cika leƙowa ba,
sai ɗalibai masu neman fanka,
da wani tsohon mushe mai karanta jaridun da suka girme ni
yana yi wa matattun ministoci faɗa.

Ran Talata Nomau ya shigo.
Ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa kamar zai yi salla.
Daga Tawa ya kwano a mota,
Yamai ba ta cire masa warin albasa ba.
Ya ce, "Ɗiyata, an ce nan ake tsaron tsohuwar magana.
Rijiya gare mu a bakin fadama.
Ubana Illo ya haƙa ta,
jikokin Arzika sun ce tasu ce.
Alƙali na son takarda,
ni kuwa shaiduna duk ƙasa ta rufe musu ido."

Na shiga ɗakin baya,
inda ajami ke kwance cikin gafaka, tawadarsa ta yi launin goro,
inda tifinar da boko ke zaune kanta ɗaya babu gardama,
inda muryoyin tsofaffi ke naɗe a kaset
suna jiran mai kunnawa.
Shekarar da kogi ya yi fushi ya hau gari
a ka muka kwashe su, ni da maigadi,
har yau akwai zanen ruwa a ƙafar kabad.

Kwana uku ina tono.
Shi yana zaune ƙarƙashin dogon yaro,
bai tambaye ni ko sau ɗaya ba.

Sai ga kundin wani akawu na zamanin Nasara,
wanda ya bi Adar a kan doki yana ƙirga rijiyoyi.
Gara ta cinye gefen shafi ta bar tsakiya,
ban san ko kunya ta ji ba.

Na karanta masa:
"Gaba goma sha ɗaya. Ruwa mai daɗi.
An haƙa ta shekarar fara.
Mahaƙa: Illo da Arzika."

Ya ce in sake. Na sake.
Fanka ta yi ta juyi a kanmu.
Na yi zaton zai ce takarda ta yi ƙarya,
don na sha ganin mai neman gaskiya
ya same ta ya ƙi gaishe ta.

Ya ce, "Nuna mini inda Illo yake."
Na ɗora yatsansa a kan haruffa huɗu.
Ya daɗe.
"Ashe haka yake, ɗan gajere.
Wannan na kusa da shi fa?"
"Arzika ne."
"To. Ko a ramin ma haka suka tsaya ke nan,
ɗaya na sara, ɗaya na jan ƙasa."

Wuta ta ɗauke, injin kwafi ya yi shiru.
Da biro na juya masa, na buga hatimi.
Ya ce in yi biyu,
ɗayar ta gidan Arzika ce,
su ma kakansu ne.

Da zai tafi ya aje mini albasa bakwai a kan tebur.
Doka ta hana abinci a zauren karatu.
Na tura su cikin aljihun tebur na rufe,
mako guda ɗalibai na ɗaga hanci
suna neman inda Adar ta shigo.